Antoni Lewenhuk: Mai Sayar da Yadi da Ya Ga Rai a Cikin Ƙurar Indararo

Gabatarwa

A unguwarmu ta Nasarawo cikin garin Gombe akwai wani kududdufi da na taso ina gani. Da damina yakan cika ya batse, kwaɗi su hana mu barci. Da rani kuwa ya bushe ƙurmus, yara su mayar da shi filin ƙwallo. A zangon karatun da ya wuce, wani abokina mai nazarin ilimin halittu ya kankaro busasshiyar gansakuka daga bakin kududdufin, ya zuba mata ruwan da aka tafasa ya huce. Washegari ya kira ni ɗakin gwajinsu, na leƙa madubin ƙara girma, sai ga wata 'yar halitta tana miƙewa tana takurewa kamar matsattsaku, wasu abubuwa biyu suna juyawa a kanta kamar gargare. Ya ce sunanta rotifa, kuma wanda ya fara yin wannan gwaji wani mai sayar da yadi ne, shekaru fiye da 300 da suka wuce. Da na tambaye shi sunanta da Hausa sai ya yi shiru. Wannan shirun ne ya sa na bi diddigin tarihin mutumin.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Antonie van Leeuwenhoek, wanda zan riƙa rubuta sunansa Lewenhuk don sauƙin furuci, a garin Delft na ƙasar Holan ranar 24 ga Oktoba, 1632. Mahaifinsa masaƙin kwanduna ne, ya rasu tun yaron yana ɗan shekara biyar. Karatun da ya samu bai yi zurfi ba, bai taka jami'a ba, bai kuma koyi Latin ba, alhali shi ne harshen ilimi a Turai a wancan zamani. Yana da shekara 16 aka kai shi birnin Amstadam zaman kanti wurin wani mai sayar da yadi.

A 1654 ya koma Delft ya buɗe nasa kantin, ya auri Barbara de Mey. Sun haifi 'ya'ya biyar, huɗu suka rasu suna ƙanana, Maria kaɗai ta rayu. Daga 1660 ya samu aiki a majalisar garin, daga baya ya zama mai awon filaye, abin da ya ba shi rufin asiri da sukunin bin abin da ransa ke so.

Daga Zaren Yadi Zuwa Ɗigon Ruwa

Masu sayar da yadi a lokacin sukan duba ingancin saƙa da ɗan gilashi mai ƙara girman zare. Lewenhuk ya koyi yin irin wannan gilashi da hannunsa, ya ƙware har ya wuce kowa. Madubinsa gilashi ne guda ɗaya tak, wani bai kai ƙwayar dawa ba, a maƙale tsakanin fallen ƙarfe biyu. Ya yi gilasai fiye da 500, kuma a cikin waɗanda suka rage har yau akwai mai ƙara girman abu kusan sau 270.

A 1673 wani likitan garinsu, Reinier de Graaf, ya gabatar da shi ga Royal Society, wato ƙungiyar masana kimiyya ta birnin Landan. A 1674 ya ɗebo ruwan tafkin Berkel ya ga 'yan halittu suna iyo a ciki. A 1676 ya aika da bayanin waɗanda suka fi su ƙanƙanta, waɗanda a yau ake kira bakteriya. Masanan suka yi tababa, har sai da ya haɗa da shaidar wasu dattawan gari da suka leƙa madubin da idonsu. Gani ya kori ji: a 1677 Robert Hooke ya maimaita gwajin a Landan ya ga halittun, a 1680 kuma aka zaɓi Lewenhuk ɗan ƙungiyar.

Gwajin Indararo

Ba shi ne ya fara bayyana rotifa ba, wani Bature ɗan Ingila, John Harris, ya riga shi a 1696. Abin da Lewenhuk ya gano ya fi wannan ban mamaki. A watan Agusta na 1701 ya lura da ruwan da ya kwanta a indararon dalma na gidansa, ya duba ya ga rotifa a ciki. Da rana ta ƙone ruwan, sai ya tattara busasshiyar ƙurar ya zuba mata ruwan sama da ya tafasa ya huce, don kada a ce daga ruwan suka fito. Cikin kamar awa ɗaya halittun suka miƙe suka kama iyo. Ya adana sauran ƙurar watanni, ya sake gwadawa, suka sake tashi. Ya rubuta wannan a wasiƙarsa ta Fabrairu 1702, ya kuma kafa hujja da shi cewa ƙananan halittu ba tsirowa suke yi daga taɓo haka kawai ba, suna nan ne a ɓoye suna jiran ruwa.

Ya yi kuskure a wuri ɗaya. A zatonsa fatarsu ce take tsare ruwan jikinsu. Yanzu an san cewa kusan duk ruwan jikinsu yakan fita, su dunƙule, motsin rayuwa ya tsaya cik har ranar da suka jiƙa.

Abin da Aka Sani a Yau

An san nau'in rotifa fiye da 2,000, akasarinsu a ruwan daɗi: tafkuna, kududdufai, rafuka da jiƙaƙƙiyar gansakuka. Galibinsu ba su wuce rabin milimita ba, amma suna da baki, hanji da 'yar ƙwaƙwalwa. Gargaren da ke kansu wasu siraran gasu ne da ke kaɗawa bi da bi, suna jawo abinci zuwa baki, suna kuma tura halittar gaba. A maƙogwaronsu akwai muƙamuƙi mai niƙa abinci, kuma da siffarsa masana ke rarrabe nau'o'insu.

Dangin da Lewenhuk ya gani a indararo sun kai nau'i 450, kuma ba a taɓa samun namiji a cikinsu ba. Mace ke yin ƙwai ya ƙyanƙyashe mace. A wani dangin kuwa maza kan bayyana jefi-jefi, a samar da ƙwai mai tauri da ke jure fari. A 2021 masana a Rasha suka farfaɗo da rotifar da ta yi kimanin shekara 24,000 a daskararriyar ƙasar Saberiya, har ta hayayyafa.

Amfaninsu bai yi nisa da mu ba. Suna cin bakteriya da ƙananan tsirran ruwa, 'ya'yan kifi kuma su cinye su. Ashe ke nan kifin da ake kamowa daga madatsar ruwa ta Dadin Kowa yana da alaƙa da su, kuma masu ƙyanƙyasar kifi a ƙasashe da dama sukan kiwata su don ciyar da jariran kifi.

Rasuwarsa

Sunansa ya kai ko'ina, har Sarkin Rasha Bitrus Babba ya nemi ganinsa lokacin da ya ziyarci Holan. Ya rasu ranar 26 ga Agusta, 1723, yana da shekara 90, aka binne shi a Delft. 'Yarsa Maria ta aika wa ƙungiyar Landan madubai 26 da ya yi wasiyyar a ba ta. Sai dai ya ɓoye sirrin yin gilasansa, bai yaye almajiri ko ɗaya ba, don haka aka daɗe ba a samu wanda ya ga abin da ya gani ba.

Kammalawa

Abin da ya fi jan hankalina a matsayina na ɗalibin harshe shi ne, wasiƙu kimanin 190 da ya aika Landan duk da harshen uwarsa ya rubuta su, masanan suka ɗauki wahalar fassarawa. Inda babu kalma, sai ya kwatanta abin da gashi ko ƙwayar yashi. Shi kansa sunan rotifa daga Latin yake, ma'anarsa mai ɗauke da gargare. Me zai hana mu ce mai-gargare, jam'i masu-gargare? Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai mu riƙa leƙa ɗakunan gwaji, mu ga abin da ake gani, mu raɗa masa suna, mu kuma rubuta shi a inda na baya za su same shi. Na kai wa abokina wannan suna, ya ce zai gwada shi a ajinsu.