Claude Bernard: Likitan da karnuka suka raba shi da iyalinsa

Mu a Filinge da ƙauyukan Kurfai, gadin gida da rakiyar garke muka san kare da su. A Faransa kuwa an yi wani likita da ya yi suna ta hanyar feɗe shi.

An haifi Claude Bernard a ƙauyen Saint-Julien a 1813. Rubutun wasan kwaikwayo ya kai shi Paris, aka ba shi shawara ya koma likitanci. Da gwaji a kan karnuka ya gano a 1848 cewa hanta tana samar da sukari da kanta, ilimin da masu ciwon suga ke cin moriyarsa har yau. Sai dai da ransu ake buɗe su, sau da yawa ba maganin kashe zafi, abin da ko maharbi ba zai so gani ba.

Matarsa Fanny Martin, wadda dukiyar aurenta ta tallafi binciken, ta kasa jurewa. Suka rabu a 1870, ta shiga sahun masu yaƙar wannan aiki, 'ya'yansu mata biyu kuma suka bi ta, suka duƙufa ga kula da karnukan titi.

Ya rasu a 1878, gwamnati ta yi masa jana'izar ƙasa.