Joseph Lennox Pawan (1887–1957): Likitan da ya Gano Cutar Haukan Kare a Bakin Jemage

An haifi Joseph Lennox Pawan a tsibirin Tirinidad da ke yankin Karibiyan a shekarar 1887. Ya kammala karatun likitanci a Jami'ar Edinbara a 1912, ya ƙaro ilimi a Cibiyar Pasteur ta Faransa, sannan ya koma gida ya kama aikin asibiti. A 1923 gwamnati ta naɗa shi masanin ƙwayoyin cuta na tsibirin.

A 1925 wata cuta ta fara kashe shanu, aka ɗauka guba suke ci. A 1929 ta ɓulla a jikin mutane a garin Siparia: ƙafafu su shanye, shanyewar ta yi ta hawa har numfashi ya tsaya. Likitoci suka ce shan-inna ce. Ba a kawo haukan kare a rai ba, domin an daɗe ba a ga mahaukacin kare a tsibirin ba, kuma majinyatan ba su cika nuna fizge-fizge da tsoron ruwa da aka san cutar da su ba.

Pawan bai tsaya ga alamomin zahiri ba. Shi da E. W. Hurst na Cibiyar Lister da ke Landan suka binciki ƙwaƙwalwa da lakar mamatan, suka kuma gwada su a jikin dabbobi. A 1931 suka bayyana a mujallar The Lancet cewa haukan kare ce. Saura sanin mai yaɗa ta.

Amsar tana bakin jemage mai shan jini, wanda kan tsaga fatar dabba ko ta mutum cikin dare ya lashi jini, sau da yawa mai barci bai farka ba. Pawan ya ga tabon Negri, shaidar cutar, a ƙwaƙwalwar jemagu, kuma a 1932 ya samu jemage mai shan jini ɗauke da ita. Bincikensa da ya wallafa a 1936 ya tabbatar da cewa cizon wannan jemage na sa wa mutum cutar.

Da aka san tushen annobar, sai aka koma ga rigakafi da rage jemagun, ta lafa a 1937 bayan ta ci rayukan gomman mutane da dubban shanu. Pawan ya rasu a 1957. Har yau a Latin Amurka, likitan da ya ga shanyewar jiki mai hawa yakan tambayi dangin majinyaci ko jemage ya taɓa cizon sa.