IRA SANKEY, BAWAN ALLAH MAI WAƘA (1840-1908)

A wannan bikin cika shekara 50 na Ikkilisiyarmu a Zuru, ya kamata mu tuna da Ira Sankey. An haife shi a Jihar Pensilbaniya ta Amurka a 1840, ya kuma fara hidima yana shugabantar mawaƙan majami'arsu. A 1870 ya haɗu da mai bishara D. L. Moody. Daga baya ya ajiye aikin gwamnati domin su yi bishara tare, Moody yana wa'azi, shi yana waƙa.

A 1873, a Ingila, ya buga ɗan littafin Sacred Songs and Solos, wanda ya yi ta girma har ya kai waƙoƙi 1,200. Muryoyi da yawa na Littafin Waƙoƙi da muke rerawa suna cikinsa. Ya makance a 1903, ya huta cikin Ubangiji a 1908.

An san Sankey da furta kowace kalma sarai domin mai ji ya gane saƙon. Shugabannin mawaƙa, kada kiɗa ya danne Maganar. Ku koya wa matasanmu waɗannan waƙoƙi kada su ɓace a hannunmu. Ubangiji ya taimake mu. Amin.