Yarima Alexei: Magajin sarautar Rasha da cutar jini ta dabaibaye

Ranar 12 ga watan Agustan 1904 aka haifi Yarima Alexei a Peterhof, kusa da birnin St Petersburg, kuma aka yi ta harba igwa don murnar samun magajin gadon sarautar Rasha.

Shi ne ɗa namiji tilo ga Sarki Nicholas na biyu da Sarauniya Alexandra, bayan 'ya'ya mata huɗu: Olga da Tatiana da Maria da Anastasia. Da yake dokar gado a Rasha ta fifita maza, kowa ya ɗauka cewa makomar gidan sarautar Romanov ta tabbata.

Sai dai murnar ba ta daɗe ba. Jaririn yana da kimanin makonni shida cibiyarsa ta fara zubar da jini, aka yi kwanaki bai tsaya ba. Daga bisani likitoci suka tabbatar cewa yana da cutar hemofiliya, wato rashin daskarewar jini.

Cutar gado

Mai wannan cuta jininsa ba shi da isasshen ɗaya daga cikin sinadaran da ke sa jini ya daskare. Ƙaramin yanka bai cika zama matsala ba. Babban haɗarin shi ne jinin da ke tsiyaya a cikin jiki, musamman a gwiwa da gwiwar hannu da idon sawu, ko kuma a cikin kai.

Galibi maza cutar ke kamawa, mata kuma su ne ke ɗauke da ita a ƙwayoyin halittarsu, sau da yawa ba tare da wata alama ba. Duk ɗa namijin da irin wannan mace ta haifa, yiwuwar ya gaji cutar rabi da rabi ce.

Alexandra jikar Sarauniya Victoria ta Ingila ce, kuma ta san cutar tun a gidansu. Ɗan'uwanta Friedrich ya rasu a 1873 yana da shekara biyu bayan ya faɗo daga taga. Kawunta Yarima Leopold ya rasu a 1884 yana da shekara 30, shi ma bayan faɗuwa. Ta hanyar auratayya cutar ta shiga gidajen sarautar Jamus da Sifen da Rasha, har aka riƙa kiranta cutar sarakuna.

Ƙuruciya cikin tsaro

Fadar ta ɓoye wa al'ummar Rasha abin da ke damun Yariman. An sa wasu sojojin ruwa biyu, Derevenko da Nagorny, su riƙa binsa duk inda ya sa ƙafa, su kuma ɗauke shi idan ya kasa tafiya.

Alexei yaro ne mai ƙiriniya da son wasa, amma an hana shi yawancin wasannin tsaransa. Ɗan bugu kaɗan kan sa gaɓarsa ta kumbura, ya shafe makonni a kwance cikin azaba. Ƙanƙara da bandeji da hutu su ne kusan iyakar abin da likitoci ke iya yi masa.

Malaminsa na Faransanci, Pierre Gilliard, ɗan ƙasar Switzerland, ya shawarci iyayen da su sassauta tsaron, domin a ganinsa yaron da aka killace ba zai koyi kula da kansa ba.

Rasputin

Mafi munin rashin lafiyarsa ya same shi ne a 1912 a Spala, cikin Poland ta yau. Ya ji ciwo a cinya wajen tsallakawa cikin kwalekwale, daga baya girgizar keken doki ta tayar da ciwon. Jini ya taru masa a cinya da mara, zazzaɓi ya yi tsanani, har aka yi masa addu'o'in da ake yi wa mai shirin barin duniya.

A lokacin ne saƙon tangaraho ya iso daga Siberiya, daga wani mai da'awar waliyyantaka, Grigori Rasputin, yana tabbatar wa Sarauniyar cewa ɗanta zai rayu, yana kuma ba da shawarar kada likitoci su dame shi da yawa. Jim kaɗan bayan haka yaron ya fara samun sauƙi.

Wasu masana na ganin hutun da ya samu daga taɓe-taɓen likitoci, da kwanciyar hankalin mahaifiyarsa, su suka taimaka. Ita kuwa Sarauniyar ta yi imani cewa ran ɗanta yana hannun Rasputin.

Wannan imani ya yi wa gidan sarautar mummunar illa. Da Sarki Nicholas ya tafi jagorantar sojojinsa a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Sarauniyar ta riƙa sa baki a naɗa ministoci da sauke su, sau da dama bisa shawarar Rasputin. Jama'ar da ba su san ciwon Yariman ba sun kasa gane dalilin wannan kusanci, jita-jita ta yi yawa. An kashe Rasputin a watan Disamban 1916.

Ƙarshen gidan Romanov

A watan Maris na 1917 juyin juya hali ya tilasta wa Nicholas sauka. Da farko ya yi niyyar bar wa Alexei gadon, amma da likitan fada ya shaida masa cewa cutar ba ta warkewa, sai ya yi murabus a madadin kansa da ɗansa don kada a raba su. Ƙanensa Michael bai karɓi sarautar ba, mulkin shekara fiye da 300 ya kawo ƙarshe.

An tsare iyalan a Tobolsk, daga baya aka mai da su Yekaterinburg. A daren 16 zuwa 17 ga watan Yulin 1918 'yan Bolshevik suka harbe su baki ɗaya. Alexei yana da shekara 13, kuma a lokacin ba ya iya tafiya, mahaifinsa ne ya ɗauke shi zuwa ɗakin da aka kashe su.

An binne ƙasusuwan iyayensa da 'yan'uwansa uku a St Petersburg a 1998. Nasa da na ɗaya yayarsa sai a 2007 aka gano su. Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa nau'in cutar da ake kira B ne ya addabi zuriyar, wato ƙarancin sinadari mai lamba 9. Nau'in A, na ƙarancin sinadari mai lamba 8, shi ya fi yawa a duniya.

A yau ana yi wa yara masu cutar allurar sinadarin da suka rasa, kuma inda ake samun maganin sukan yi karatu da aiki kamar kowa. Likitoci na cewa jinin da ya ƙi tsayawa bayan kaciya ko cire haƙori, da kumburin gaɓoɓi, da tabon taruwar jini a jikin yaro mai rarrafe, alamu ne da ya kamata a kai yaro asibiti a gwada jininsa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu cutar ba a san ta a danginsu ba kafin su.