SARKIN MUSULMI MUHAMMADU BELLO: SARKI, MASANIN TAURARI DA MAGANI

 Filin wannan mako zai waiwayi rayuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi musu rahama. Galibin abin da yara ke ji game da shi a makaranta yaƙi ne da sarauta. Ba safai ake gaya musu cewa mutumin da ya ci Alkalawa shi ne kuma ya zauna ya rubuta littafi a kan maganin basir da na tsutsar ciki ba, kuma shi ne wani baƙo daga Ingila ya taɓa iskewa a cikin gida yana nazarin littafin lissafin awon fili.

An haifi Bello a shekara ta 1195 bayan Hijira, watau 1781, ya kuwa tashi a Degel a cikin ƙasar Gobir. Ya yi karatu wurin mahaifinsa, da wurin baffansa Malam Abdullahi, wanda ya koya masa nahawu da sarfu da balaga. Yana da shekara ashirin da 'yan kai al'amari ya ɓaci tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. Tartsatsin ya tashi ne daga Gimbana, a yankin Jega na yau, inda almajirin Shehu, Malam Abdussalami, ya zauna da mutanensa. A ƙarshen 1803 mayaƙan Gobir suka auka wa garin suka kama Musulmi, a watan Fabrairu na 1804 kuwa Shehu ya yi hijira zuwa Gudu. Daga nan sai Tabkin Kwatto, da Tsuntsuwa, da Alwasa, har zuwa faɗuwar Alkalawa a hannun rundunar da Bello ya jagoranta a 1808. A 1809 ya kafa birnin Sakkwato, da Shehu ya rasu a 1817 aka yi masa mubaya'a.

Farkon sarautarsa bai zo da sauƙi ba. Abdussalami, wanda saboda shi aka fara zare takobi, shi ne ya fara tawaye a Kware. An yi ta musayar wasiƙu ba a daidaita ba, aka ci garin a 1818, ya fita da rauni ya rasu a Bakura. Ɗansa Buhari ne daga baya ya bi Gwandu ya kafa garin Jega. Ragowar masu tawayen da suka taru a Kalambaina su ne suka zama sanadin sulhu tsakanin Bello da baffansa Abdullahi, domin Bello ya kawo masa gudummawa, Abdullahi kuwa ya yi masa mubaya'a.

Da ƙasa ta ɗan lafa, sai hankalin Bello ya koma ga abin da zai zaunar da ita. Malaman Musulunci tun da, irin su Imamu Gazali, sun sanya likitanci da lissafi da saƙa da noma a cikin farillan kifaya, watau aikin da in babu mai yinsa a gari to laifi ya hau kan kowa. Bello ya ɗauki wannan hukunci da gaske. A cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ɗora wa sarki nauyin kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da masu magani, da tabbatar da cewa kowane gari ya sami rabonsa daga cikinsu, tare da gyaran kasuwanni da hanyoyi da gadoji. Ya kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka, ya zaunar da makiyaya a cikinsu domin su yi noma 'ya'yansu su yi karatu.

Noman rani na fadama a wancan zamani da jigo ake yinsa, kuma jigo darasi ne na kimiyya ga mai lura. Doguwar sanda ce a kan gwafa, guga a dogon gefe, curin laka ko dutse a gajeren gefe. Manomi ba ya ɗaga ruwa da ƙarfin damtsensa. Yana jawo guga ne ƙasa da nauyin jikinsa, in ta cika sai nauyin lakar ya ɗago masa ita. Ja zuwa ƙasa ya fi ɗagawa sama sauƙi ga ɗan Adam, shi ya sa mutum guda kan wuni yana ban ruwa bayansa bai gaza ba. Manoman albasa na Aliero da Maiyama sun koma ga injin famfo, amma jikokin masu jigo ne.

A fannin magani Bello ya bar littattafai da dama. Akwai Ujalatur Rakib a kan magani gaba ɗaya, da Ƙaulul Mansur a kan basir, da Tanbihul Ikhwan a kan tsutsar ciki, da Masugul Lujaini a kan ciwon ido, da wani a kan sana, ganyen da Hausawa ke kira filasko. Mai karatu ya dubi irin cututtukan da ya zaɓa: ba na fada ba ne, na talaka ne, waɗanda ke hana manomi sunkuyawa a gona su hana almajiri ganin allo. Filasko kuwa har yau yana cikin magungunan asibiti. Abin da ke cikin ganyensa ba ya aiki sai ya isa babban hanji, a can yake motsa hanjin ya kuma tara ruwa a cikinsa, shi ya sa wanda ya sha da dare sai da safe yake jin aikinsa. Yawan shansa kuwa yana ƙarar da ruwan jiki ya raunana hanji. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: Bello ya rasu tun kafin a gano cewa ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani su ne ke haddasa cututtuka masu yawa, saboda haka littattafansa ba za su maye gurbin likita a yau ba. Wanda ya riƙe su ya ƙi asibiti ya saɓa wa mai su, domin shi da kansa ya roƙi Sarkin Ingila ya aiko masa da likita ya zauna a Sakkwato.

Wannan roƙo ya biyo ta hannun Kyaftin Kilafaton, Baturen da ya iso Sakkwato daga Tarabulus ta Barno da Kano a watan Maris na 1824, ya sauka a hannun Waziri Giɗaɗo. Baƙon ya shimfiɗa wa Bello taswirar sama, sai ya tarar Sarkin Musulmi ya san buruji goma sha biyu duka, ya kuma san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Abin da ya fi jan hankalin Bello shi ne wata na'ura mai madubai biyu wadda matuƙan jirgin ruwa ke auna tsayin rana da ita. Madubi ɗaya yana kama hoton rana ya jefa wa ɗayan, mai awo yana karkata shi har hoton ya sauko ya taɓa inda sama ta haɗu da teku, sa'an nan ya karanta kusurwar a jikin ma'aunin. A tudu, inda bishiyoyi da tuddai suka tare gani, sai a zuba zaiba a faranti, domin fuskarta a miƙe take daidai kuma tana nuna rana kamar madubi. A auna tsakanin rana da hotonta a raba biyu. Wanda ya san tsayin rana da tsakar rana, ya kuma san kwanan wata, ya san nisan garinsa daga tsakiyar duniya. Ta haka aka san Sakkwato tana kan digiri 13 arewa, Jega kuwa kimanin 12. Malaman Bagadaza da Andalus sun daɗe suna irin wannan awo da usturlabi, saboda haka na'urar ce sabuwa a wurin Bello, ilmin ba baƙo ba ne.

Dalilin da ya sa malami ke neman wannan ilmi a bayyane yake, domin salla tana rataye da shi. Azahar tana shiga ne sa'ad da inuwa ta gama raguwa ta soma ƙaruwa zuwa gabas. La'asar kuwa sai inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da 'yar inuwar da ta rage lokacin zawali. Malamai kan ƙiyasta tsawon mutum da ƙafa bakwai na tafin ƙafarsa. To, ita inuwar zawali ba ta tsaya wuri guda ba, saboda rana tana karkata kudu da arewa a cikin shekara. A ƙasar Jega, cikin tsakiyar ɗari a watan Disamba, takan kai kusan ƙafa biyar wajen arewa. Wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta rana kan tsaya bisa kai sosai, inuwar ta ɓace a ƙarƙashin ƙafa. Ladanin da ya riƙe awo guda shekara duka zai kira La'asar kafin lokacinta a cikin hunturu.

Haka nan alƙibla. Mutane da yawa sun ɗauka gabas ce tsantsa, alhali Makka tana arewa da ƙasar Hausa. Mai gina masallaci a Katanga ko Aliero ya kamata ya karkata daga gabas zuwa arewa da kimanin digiri 20. Akwai kuma hanyar dubawa wadda ba ta bukatar na'ura: sau biyu a shekara rana takan tsaya bisa Ka'aba daidai, a ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A wannan lokaci duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla, kuma sandar da aka kafa a miƙe inuwarta za ta ja layin a ƙasa.

Duk da son da yake yi wa ilmin sama, Bello bai bar ƙofa ga bokaye ba. Ya rubuta Tanbihu Ahlil Fuhum yana gargaɗin jama'a su nisanci masu rufa-ido da masu duba da taurari. Iyakar da ya bi ita ce wadda malaman Sunna suka shata: sanin tauraro domin lokaci da hanya da shuka halal ne, neman sanin gaibu da shi kuwa ɓata ne. Manomin da ke lura da Kaza da 'ya'yanta domin ya san matsayin damina yana gefe guda, mai gaya wa mace ranar da za ta yi aure yana ɗaya gefen.

Akwai wani ilmi kuma da Bello ya san darajarsa har ya yi rowarsa. Abin da ya kawo Turawa shi ne sanin inda kogin Kwara ya ƙare. A cikin hira Bello ya zana wa baƙonsa kogin a kan rairayi yana gangarawa teku, amma taswirar da aka ba shi ya tafi da ita, wadda aka buga a London a 1826, ta nuna kogin ya nufi gabas zuwa Nilu. Bai kuma bar shi ya bi ta Yawuri ba. Waɗansu masana tarihi suna ganin da gangan aka yi haka, domin labarin abin da Ingilishi suka yi wa Hindu ya riga ya iso Sakkwato. A 1830 Landa, baran Kilafaton, ya bi kogin da ɗan'uwansa har teku, a 1903 kuwa sojan Ingila suka shiga Sakkwato.

Zuwan Kilafaton na biyu, a 1826, bai yi daɗi ba. Likitocin da suka taso tare da shi babu wanda ya iso. Ya tarar ana yaƙi da Shehun Barno Alkanemi, Bello ya hana shi wucewa da wasiƙa da makaman da ya ɗauko wa Barno, ya kwanta ciwo ya mutu a watan Afrilu na 1827. Amma a cikin tsarabar da ya kawo akwai littafin Iklidis da Larabci, kuma shi ya iske Bello yana karantawa wata safiya. Bello ya gaya masa gidansu sun taɓa mallakar littafin, wani ɗan'uwansu ya samo shi a Makka, gobara ta cinye shi shekarar da ta gabata. Iklidis ya rayu a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, an juya littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Haruna Rashid, daga Larabcin kuma Turawan yamma suka juya shi zuwa Latin. Amfaninsa yana hannun kowane magini: in ya auna taku uku a gefe guda, huɗu a ɗaya gefen, ya ga tsakanin bakunansu biyar ne cif, to kusurwar ɗakinsa ta miƙe. Da irin wannan lissafi alƙali ke raba gona mai karkataccen gefe tsakanin magada ba tare da an ci haƙƙin maraya ba.

Bello ya yi shekarunsa na ƙarshe galibi a ribaɗin Wurno. A 1836 ya karya taron Gobirawa da Azbinawa a Gawakuke, ya rasu a Wurno a watan Rajab na 1253, daidai da Oktoba 1837, a can kuma kabarinsa yake. Mai lissafi da Hijira zai ce ya yi shekara 58, mai lissafi da Miladiyya ya ce 56, kuma duka biyu daidai ne, domin shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza ta rana da kwana 11, watau shekara guda a cikin kowace 33. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi, ƙanwarsa Nana Asma'u ta yi masa marsiyya, Waziri Giɗaɗo kuwa ya tattara labarinsa. Allah ya ji ƙansu baki ɗaya, amin.