Taƙaitaccen Tarihin Likita Duchenne (1806–1875)

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A kan irin wannan tunani ne masana kimiyya suka ɗora aikin ƙera kwamfutocin da ake so su dubi mutum su gane ko yana cikin farin ciki, ko fushi, ko tsoro, sa'annan su mayar masa da martanin da ya dace. Mutumin da ya fara bin tsokokin fuska ɗaya bayan ɗaya don gano aikin kowace wajen bayyana motsin rai shi ne wani likita Bafaranshe mai suna Guillaume Duchenne, wanda ya rayu tun kafin a san kwamfuta.

An haifi Duchenne ranar 17 ga Satumba, 1806, a Boulogne, wani gari na bakin teku a arewacin Faransa. Mahaifinsa matuƙin jirgin ruwa ne, kuma ya so ɗan ya gaje shi, amma yaron ya karkata ga karatu. Ya koyi aikin likita a birnin Faris, ya kammala a 1831, ya koma garinsu ya fara duba marasa lafiya, ya kuma yi aure. Ba a daɗe ba matarsa ta rasu sakamakon zazzaɓin da ya kama ta bayan haihuwa. Surukarsa ta ɗora masa alhakin mutuwar, aka raba shi da jaririn, kuma uba da ɗa ba su sake shaƙuwa ba sai bayan shekaru masu yawa.

A wajajen 1835 ya fara gwada wutar lantarki a jikin majinyata. Likitocin zamanin sukan soka allura ne su tura wutar ta cikinta. Shi kuwa ya ƙera na'urar da ake ɗora bakinta a kan fata kawai, ta motsa tsoka guda ba tare da huda ba. A 1842 ya koma Faris. Bai taɓa riƙe wani babban muƙami a asibiti ko jami'a ba. Kullum sai ya ɗauki akwatin na'urarsa ya bi asibitoci ɗaki-ɗaki yana neman masu ciwon jijiya da shanyewar gaɓɓai, manyan likitoci na yi masa kallon baƙauye mai shisshigi. Daga baya shahararren likitan jijiyoyi Charcot ya ɗauke shi a matsayin malaminsa. Cutar nan ta lalacewar tsoka da aka fi gani a jikin yara maza, wadda ya bayyana a shekarun 1860, har yau da sunansa ake kiran ta.

Aikinsa da ya fi shafar wannan darasi shi ne littafin da ya fitar a 1862 kan yadda fuskar ɗan Adam ke aiki, wanda ke cikin littattafan kimiyya na farko da aka ƙawata da hotunan kyamara. Mafi yawan hotunan na wani tsoho ne mai gyaran takalma, wanda haƙoransa suka zube, fatar fuskarsa kuma ba ta jin zafi sosai, don haka wutar ba ta cutar da shi kamar sauran mutane. Duchenne yakan ɗora na'ura a goshinsa sai ya yi kamar mai mamaki, ya haɗa da ta wuya sai ga fuskar wanda ya firgita matuƙa, alhali tsohon yana zaune hankalinsa kwance.

Wurin murmushi ne ya ci karo da abin da ya ɗaukaka sunansa. Da ya motsa tsokar kumatu mai jan gefen baki sama, sai leɓɓa suka buɗe amma fuskar ba ta yi kama da ta mai murna ba. Da ya ba tsohon dariya ta hanyar barkwanci, sai ya lura tsokar da ta kewaye ido ita ma ta tsuke. Daga nan ya yanke cewa murnar gaskiya tana kaiwa ido, kuma wannan tsoka ba ta cika bin umarnin mai ita ba. Wato dai ya bambance murmushi da yaƙe ta hanyar gwaji. Duchenne ya yi imani cewa Mahalicci ne ya tsara wa fuska harshe ɗaya da dukkan mutane ke fahimta.

Charles Darwin na Ingila ya nemi izininsa ya sa wasu hotunan a littafinsa na 1872 kan bayyanar motsin rai a mutane da dabbobi. Kafin haka ya nuna hotunan ga mutane fiye da 20 yana tambayar su abin da suka gani. Sun yi ittifaƙi a kan wasu, sun saɓa ƙwarai a kan wasu.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo da baƙin ciki, domin ɗan nan nasa, wanda shi ma ya zama likita, ya rasu da zazzaɓin taifot a 1871. Duchenne ya rasu a Faris a watan Satumba na 1875 bayan zubar jini a ƙwaƙwalwa.

An yi kusan ƙarni guda ba a waiwayi littafinsa sosai ba. A 1978 Paul Ekman da Wallace Friesen na Amurka suka fitar da tsarin da ya ba kowane motsin fuska lamba, kuma Ekman ne ya raɗa wa murmushin gaskiya sunan Duchenne. Wannan tsari ya zama tubalin manhajojin karanta fuska, musamman bayan da Rosalind Picard ta jami'ar MIT ta wallafa littafinta a kan kwamfuta da motsin rai a 1997.

Sai dai abin lura shi ne, gwajin Duchenne da kansa ya nuna raunin wannan fata, tunda tsohon ya nuna firgici ba tare da ya firgita ba. Kwamfuta ma tsoka take gani, sai ta yi hasashen abin da ke bayanta. A 2019 Lisa Feldman Barrett da abokan aikinta suka yi bitar binciken da aka yi a fannin, suka nuna cewa mutum kan ɗaure fuska ba don fushi ba, yakan kuma yi fushi bai ɗaure ba, kuma al'adu sun bambanta. Kamfanin Microsoft ya janye wannan aiki daga manhajarsa ta gane fuska a 2022, dokar Tarayyar Turai ta 2024 kuma ta haramta amfani da irin waɗannan na'urori a makarantu da wuraren aiki, sai dai don dalilin lafiya ko kare rai.