Ali Jifun, sojan Sudan da aka kai yaƙin Meksiko ba a tambaye shi ba

A filinmu na tarihi yau za mu duba rayuwar Ali Jifun, wanda Turawa ke rubuta sunansa Ali Effendi Gifoon. Ya shafe fiye da shekara arba'in yana ɗauke da bindiga, ya yi wa Turkawan Masar yaƙi, ya yi wa Faransa, ya yi wa Ingila, kuma cikin yaƙoƙin nan duka babu wanda aka nemi shawararsa kafin a tura shi. Mafi ban mamaki a cikinsu shi ne na Meksiko, ƙasar da ke can bayan teku, maƙwabciyar Amurka.

An haife shi a Fashoda, bakin Bahar Abyad, wajajen shekarun 1830. Garin yanzu ana kiransa Kodok, yana cikin Sudan ta Kudu. Ɗan ƙabilar Shuluk ne. Yana saurayi mahara 'yan Baggara suka kama shi, daga baya aka miƙa shi ga hukumar Turkiyya a madadin haraji, kamar yadda ake miƙa shanu ko hatsi. A zamanin haka hukuma ke cika rundunar da ake kira jihadiyya: bayi daga kudu, da duwatsun Nuba, da Darfur, a sa musu kaki, a koya musu fareti, su zama sojoji har ƙarfinsu ya ƙare. Ta wannan ƙofa Ali ya shiga soja, ƙaramin soja mara igiya ko ɗaya.

To, me ya haɗa bawan Shuluk da Meksiko? Bashi ne. A watan Yulin 1861 shugaban Meksiko, Benito Huwarez, ya dakatar da biyan bashin ƙasashen waje na shekara biyu, saboda yaƙin basasa ya tsiyata baitulmalin ƙasar. Ingila da Sifaniya da Faransa suka haɗa kai suka tura jiragen yaƙi tashar Berakurus. Ba a daɗe ba Ingila da Sifaniya suka gane cewa Napoliyon na Uku, sarkin Faransa, ƙasar ce gaba ɗaya yake so, sai suka janye a watan Afrilun 1862. Shi kuwa ya zarce, da niyyar tumɓuke Huwarez ya naɗa musu sarki daga Turai, wato Maksimiliyan, ƙanin sarkin Ostiriya.

Shi kansa bashin akwai lauje cikin naɗi. Wani mai banki ɗan Siwizalan, Jeka, yana riƙe da takardun bashi na feso miliyan 15, alhali abin da ya bayar bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan kuɗi ba, kuma gwamnatin da ta ci bashin ita ce wadda Huwarez ya kayar. Ɗan'uwan Napoliyon, Morni, an yi masa alkawarin kashi 30 cikin ɗari na duk abin da aka karɓo. Ko a majalisar Faransa 'yan adawa sun yi ta sukar wannan yaƙi tun daga farkonsa.

Da sojojin Faransa suka sauka, sai suka tarar da abokin gaba da ba ya jin harsashi: zazzaɓin shawara. Gaɓar Berakurus fadama ce mai zafi da sauro, Turawa na ta mutuwa. Sai aka yi tunanin wai baƙar fata ya fi jure wannan ciwo. Napoliyon ya roƙi Sa'id Fasha, mai mulkin Masar, ya ara masa baƙaƙen sojoji. Sa'id ya ba shi bataliya guda, orta kamar yadda ake cewa a nan, kusan mutum 450. A ɓoye aka yi abin, ba a nemi izinin Sarkin Musulmi na Istanbul ba, wanda Masar ke ƙarƙashinsa. A farkon Janairun 1863 aka loda su a jirgin ruwan Faransa kusa da Iskandariyya. Kwanaki kaɗan bayan tashinsu Sa'id Fasha ya rasu, ya bar su a tsakiyar teku. Sun isa Berakurus ranar 23 ga Fabrairu, wasu sun riga sun mutu a hanya. Ali Jifun yana cikin waɗanda suka sauka da ƙafarsu.

Ka duba halin da suka shiga. Musulmi ne masu jin Larabci, aka sauke su a ƙasar da ba su san harshenta ba, a ƙarƙashin hafsoshin da su ma ba sa jin maganarsu, har sai da aka nemo sojojin Aljeriya su riƙa tafinta. Shawarar da aka ce ba ta kama su, ita ce ta kashe kwamandansu, Bimbashi Jabarallah Muhammad, watanni kaɗan da zuwansu. Muhammad Almas ya gaje shi. Aikinsu shi ne gadin layin dogo da ya tashi daga Berakurus, da raka jiragen ƙasa da ayarin kaya, da farautar 'yan sari-ka-noƙe na Huwarez a cikin fadama. Shekara huɗu suna wannan. Rahotannin hafsoshin Faransa cike suke da yabon jarumtarsu da ɗa'arsu, kuma babu mai musun cewa maza ne.

Amma su wa suke harbi? Manoma ne da makiyaya 'yan Meksiko da suka tashi kare ƙasarsu daga baƙi. Huwarez da kansa ɗan asalin ƙasar ne, daga ƙabilar Zafotek, maraya da ya yi kiwon tumaki yana yaro. Ka ga ke nan, an ɗauko wanda aka sace daga garinsu, an ba shi bindiga ya taya wasu ƙwace garin wani. Meksiko ba ta taɓa yi wa Sudan laifin komai ba, ba ta ci bashin Sudan ba, ko sunan Fashoda ba ta sani ba.

An so a aika wata orta ta canje su. Amurka, da ta gama nata yaƙin basasa a 1865, ta nuna ba ta yarda ba. A shekarar nan kuma sojojin jihadiyya na Kasala, nan kusa da mu, suka yi bore: an riƙe musu albashi watanni, ga kuma labarin za a kwashi wasunsu zuwa Meksiko. Aka murƙushe boren da jini mai yawa. Canjin bai taɓa zuwa ba, su Ali suka ci gaba da zama har ƙarshe.

A farkon 1867 Faransa ta tattara nata ya nata ta fice, saboda matsin Amurka da tsadar yaƙin da barazanar Furushiya a gida. 'Yan orta aka bi da su ta Paris, Napoliyon ya duba faretinsu a watan Mayu, ya raba lambobin yabo. A Iskandariyya Isma'il Fasha ya tarbe su, ya ƙara musu girma. Waɗanda suka dawo 300 ne da 'yan kai. Mafi yawan sauran suna kwance a ƙasar Meksiko, wasu harsashi, mafi yawa ciwo. Bayan 'yan makonni, ranar 19 ga Yuni 1867, 'yan Meksiko suka harbe Maksimiliyan a Keretaro, Huwarez ya koma kujerarsa. Duk abin da aka je ginawa ya rushe kamar ba a yi ba.

Ali bai samu komawa Fashoda ba. Nan gabas aka turo shi, ya yi shekaru masu yawa a bakin iyakar Habasha, tsakanin Kasala da Amideb da Musawwa. Iyakar nan ce dai da hanyarmu ta Gadarif zuwa Gallabat ke ƙarewa a kanta. Da Mahadi ya bayyana, sansanonin hukuma suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Wani abokin tafiyarsa Meksiko, Faraj Fasha Zaini, shi ne babban hafsan Gordon a Khartoum, kuma an kashe shi lokacin da birnin ya faɗi a Janairun 1885. Ali yana cikin waɗanda suka tsira ta Musawwa suka koma Masar.

A lokacin Ingila ta riga ta mamaye Masar tun 1882, tana sake gina sojanta. Ali ya sake samun sababbin iyayengiji. Ya zama hafsa a Bataliya ta 12 ta 'yan Sudan, ya yi yaƙin Tokar da mutanen Usman Digna a 1891. Kwamandansa, Kyaftin Percy Machell, shi ya zaunar da shi ya rubuta labarin rayuwarsa daga bakinsa, aka buga a mujallar Cornhill ta Landan a 1896. Da ba don wannan ba, da sunansa ya ɓace kamar na ɗaruruwan abokansa.

Da furfurarsa ya bi Kicina zuwa Atbara a watan Afrilun 1898, sannan Karari ranar 2 ga Satumba, inda bindigogin Ingila suka kashe Ansar kimanin dubu goma kafin azahar. Wannan ɓangare na tarihinsa yana da ɗaci ga da yawa daga cikinmu, domin akwai Takari da Fellata a sahun Mahadi, kuma gidajen Ansar ba su manta Karari ba. Bai kamata a ɓoye ba: a ranar nan Ali Jifun yana gefen masu harbi.

Daga Umdurman Kicina ya hau jirgin ruwa ya nufi kudu, domin wani hafsan Faransa, Marshan, ya kafa tutar ƙasarsu a Fashoda tun watan Yuli. Ya tafi da Ali, tunda ɗan gari ne mai jin harshen Shuluk. Ikon Allah: mutumin da ya yi wa Faransa yaƙi shekara huɗu a Meksiko, ga shi ya dawo mahaifarsa bayan shekara arba'in da wani abu, a sahun masu korar Faransa, kuma ƙasar da ake jayayya a kanta ta kakanninsa ce, ba a tambayi Shuluk ba. Faransawa suka janye a watan Disamba. Ali ya kai muƙamin bimbashi, bai daɗe ba ya rasu a nan Fashoda.

Irin wannan labari ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Kakanninmu na Kano da Katsina da Zariya, Ingila ta kwashe su cikin runduna ta 81 da ta 82 zuwa dazukan Boma tsakanin 1943 da 1945, su yaƙi Jafan da ba su taɓa gani ba. A zamaninmu kuma, tun 2015 gwamnatin Bashir ta tura sojoji Yaman cikin ƙawancen Saudiyya. A Disambar 2019 firaminista Abdallah Hamdok ya bayyana cewa an rage su daga dubu 15 zuwa dubu 5. Yara ne talakawa da kuɗin ya ja, suka je suka yaƙi Musulmi 'yan'uwansu, wasu suka dawo da rauni, wasu ko gawarsu ba a gani ba.

Mutum zai iya girmama sojan da ya je, ya kuma tuhumi wanda ya aika shi. Ali Jifun da 'yan ortarsa sun cancanci a san sunayensu, a yi musu addu'a, domin sun jure abin da ba su jawo wa kansu ba. Lambar yabon Paris kuwa ba ta wanke Sa'id Fasha da ya ba da aron rayuka kamar aron jaki, ba ta wanke Napoliyon da ya kashe dubban mutane kan bashin ƙarya. Duk ranar da aka sake zuwa unguwanninmu neman samari don yaƙin wata ƙasa, haƙƙin iyaye da malamai da sarakunan Hausawa ne su tambaya: yaƙin wane ne, me waɗancan mutane suka yi mana, wa zai karɓi kuɗin, wa zai riƙe marayun? Ali bawa ne, ba shi da bakin yin wannan tambaya. Mu muna da shi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da Sudan lafiya, ya tsare mana 'ya'yanmu.